A Daina Tura Mana Hotunan Gawarwaki

Wannan magana ta daɗe tana cina, yau dai zan faɗe ta, ko da ran wasu zai ɓaci.

Ranar 18 ga Janairun 2025 da tankar mai ta fashe a mahaɗar Dikko, mutum fiye da 80 suka rasu. Kafin masu aikin ceto su gama kwashe mutane, wayoyinmu sun cika da hotunan ƙonannun gawarwaki. Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu da ta gane ɗanta ta rigar da ke jikinsa, a wayar maƙwabciyarta, tun kafin wani babba ya zo ya zaunar da ita ya gaya mata. Wanda ya tura hoton nan yana ganin taimako ya yi.

Na san amsar da za a ba ni: in ba a nuna ba, hukuma ba ta motsi. Ban musa ba, hoto yana da ƙarfi. Hotunan yaran da yunwa ta kanjame a yaƙin basasarmu su suka tayar da hankalin Turai a 1968. Hoton yarinyar Vietnam da ke gudu tsirara bayan bam ya ƙona ta a 1972, har yau ana maganarsa. Amma Nick Ut da aka ce shi ya ɗauke shi, ya kai yarinyar asibiti. Kuma hoton ya fita da sunansa, da ranar, da wurin, in ƙarya ne akwai wanda za a kama. Kai da ka tura, wa ka kai asibiti? Wa ya ɗauki hoton ma, kuma a ina?

Abin da ya fi tsorata ni ke nan. A watan Yunin 2018, lokacin rikicin Filato, an yaɗa hotuna a Facebook ana cewa kisan da aka yi ne a ranar. Binciken BBC ya gano akwai wanda daga Kongo aka ɗauko shi, tsohon hoto ne ma. Amma kafin a gano, an tare hanya an kashe matafiya.

Mu mutanen Suleja ba sai an ba mu labari ba. Mun ga bam a ofishin INEC a watan Afrilun 2011, mun ga na cocin Madalla ranar Kirsimeti a shekarar. Garin da kowace ƙabila ke cin kasuwa ɗaya, hoto guda na ƙarya ya isa ya kunna wutar da ba mu da ruwan kashe ta.

Mamaci ma sutura ake yi masa. Don me za a lulluɓe shi a makara, alhali yana tsirara a wayar yara?

Saboda haka zan gabatar da shawara a taronmu na gaba: duk hoton gawa ko na rauni da aka sa a shafin nan a cire shi nan take, wanda ya sake a dakatar da shi. Mai ja da wannan, don Allah ya zo taron mu yi ta ido da ido.