Rawar Inji Ba Ta Murna Ba Ce

Duk wanda ya ratsa fadamun ƙasar Isa da Sabon Birni da rani, ya san ƙarar injin ban ruwa ita ce kiɗan wurin. A cikin Bafarawa kuwa, injin niƙa ya karɓe wa mata aikin turmi da dutse. Sai dai akwai wata magana da nakan ji a bakin masu injinan, wadda ta daɗe tana damuna. In inji ya kama kaɗuwa, sai a ce ai halinsa ne. Ni ban yarda ba. Rawar inji kuka ne na rashin lafiya, kuma laifinmu ne, mu masu nazarin Hausa, da ba a bayyana wa jama'a haka da harshensu ba.

Bayanin ba baƙo ba ne. Tsohuwa mai kaɗi ta san in gululu ya karkace, mazari ba ya tsayuwa daidai. Haka sandar inji take idan nauyin farfela ya rinjaya gefe guda. Ƙarfin jijjigar kuwa ba tafiya ɗaya yake yi da gudu ba: in an ninka gudun sau 2, shi sai ya ninku sau 4. Ƙaramin injin ban ruwa yakan juya kusan sau 3,600 a minti ɗaya. Da zarar boris ya cinye ya yi sako-sako, kaɗuwar ba a hankali take ƙaruwa ba, tana iya yin tsalle farat ɗaya. Daga nan sil ya lalace, iska ta shiga, ruwa ya ƙi hawa, albasa ta bushe a kan idon mai ita. Ga shi hanyar zuwa Sakkwato neman kayan gyara ba ta da tabbas saboda 'yan bindiga.

Turawa ma sai da suka yi gumi. Rankine ya yi rubutu a kan wannan matsala a 1869, a 1919 kuma Jeffcott ya bayyana yadda sanda ke iya ƙetare gudun da kaɗuwa ta fi tsanani ta koma ta natsu. Kowannensu da harshen mutanensa ya rubuta.

Wani zai ce wannan aikin injiniyoyi ne. Gaskiya ne, amma injiniya da Turanci ya yi karatu, manomi kuwa da Hausa yake ji. Wa zai haɗa su in ba mu ba? Mun iya ƙidaya gaɓoɓin waƙoƙin Narambaɗa, ɗan ƙasar Isa, alhali kalmomin makanikan garinsa, irin su boris da giris da bel, ba mu kula da su ba.

Saboda haka ina roƙon malamanmu da su tura ɗalibai garejoji su tattaro waɗannan kalmomi, a haɗa kai da sashen injiniya a fitar da ɗan littafi cikin boko da ajami. Kafin nan, mai inji ya tuna: da muguwar rawa gara ƙin tashi. In ya ji kaɗuwa, ya kashe, ya duba boris.