DAGA TSAKAR GIDA: Faɗan Da Ya Fi Ƙarfinka, Mai Da Shi Wasa

 

Kwanakin baya wata maƙwabciyata a nan Ƙofar Dawanau, wadda take zuwa Dubai saro kaya, ta nuna mini hotunan wani wuri da ake kira Ski Dubai. Wani makeken ɗaki ne da aka buɗe a shekarar 2005 a cikin katafariyar kasuwar Mall of the Emirates, aka tara ƙanƙara a ciki ta zama tudu, mutane suna ɗaura wasu dogayen falankai a ƙafa suna sulalowa, miji da mata da 'ya'yansu, kowa baki har kunne. A ƙasashen Turai irin su Faransa da Suwizalan kuwa, kan duwatsu suke hawa da hunturu su yi wannan wasa. Ina kallon hotunan sai na yi dariya na ce mata, "Hajiya, ai wannan sulu ne! Mu ma mun yi namu a gindin Dala, ko sisi ba mu biya ba."

Bari ku ji yadda aka yi.

Duk wadda take Kano a 2024 ba ta manta da watan Mayu ba. Majalisar jiha ta soke dokar masarautu, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya mayar da Malam Muhammadu Sanusi II kan gadon da aka sauke shi a 2020, shi kuma Alhaji Aminu Ado Bayero ya dawo gari ya sauka a gidan Nasarawa. Magana ta koma kotu, gari ya cika da jami'an tsaro. Ba na nan don in ce wane ne da gaskiya, wannan ba hurumina ba ne. Abin da na sani shi ne yadda rigimar ta shigo mini har tsakar gida. Maigida yana ɓangare guda, ƙaninsa yana ɗaya ɓangaren. Kullum bayan isha'i sai musu a zaure, rediyo a kunne, tuwo yana hucewa. Ran nan na ji autana, ɗan shekara biyar, yana ce wa ɗan baffansa, "Ba na wasa da kai, ku ba 'yan sarkinmu ba ne." Wallahi sai da gabana ya faɗi.

Ana cikin haka Babbar Sallah ta zo a watan Yuni, 'yan sanda suka ba da sanarwar hana hawa. Babu Hawan Daushe, babu Hawan Nasarawa, babu Fanisau. Yaran da aka yi wa ɗinki, 'yan matan da suka sha lalle da kitso, duk suka yi jugum a gida kamar an yi rashi. Babbar 'yata ta tambaye ni, "Umma, to ina za mu da kwalliyar?"

A daren nan na sami maigida na ce, "Malam, su manyan nan in sun shirya gobe, hannu za su ba wa juna. Amma Sallar bana ta yaran nan, in ta wuce ta wuce ke nan." Ya yi shiru, can ya ce, "To, me kike so a yi?" Na ce a kai su Dala, kuma a tafi da ƙaninsa da iyalinsa.

Kashegari da hantsi muka ƙulle soyayyen nama a leda, muka cika gora da zoɓo, muka shiga adaidaita sahu biyu. Muka hau matakalar dutsen muna haki, ni da faccalata muna hutawa a hanya, yara kuwa tuni sun kai sama. Daga can birni duk yana ƙarƙashinka: ga Goron Dutse, ga hasumiyoyin masallatai, ga rufin kwano iyakar ganinka. Maigida ya tsaya yana nuna wa yara inda ganuwa ta bi, wadda aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, shekaru kusan 900 da suka wuce. Ƙaninsa ya ce, "Yaya, garin nan ya ga sarakuna da yawa." Ya ce, "Ƙwarai kuwa, kuma yana nan."

Da muka sauko sai muka tarar da yaran unguwa a wani ɗan gangare, sun tsaga tsohuwar jarka, suna zama a ciki suna sulalowa. Namu suka ce sai sun yi. Kafin ka ce kwabo, shadda ta koma ja da ƙasa. Ƙarshenta maigida da kansa ya tattare babbar riga ya zauna a jarkar, ƙaninsa ya turo shi, ya tafi suuu ya wuntsila, hula ta yi nata wuri. Rabon da in ji 'yan uwan nan biyu sun yi dariya tare, tun kafin watan Mayu. Autana da ɗan baffan nasa kuwa jarka ɗaya suka shiga.

'Yar uwa, kada ki ɗauka wasa da iyali sakarci ne. Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA), kuma ya tsaya ya kare ta tana kallon wasan Habashawa a ranar idi. Yaro bai san kotu ba, bai san majalisa ba. Fuskar uwarsa da ta ubansa yake karantawa. In kullum tsaki da zullumi yake gani, da su zai tashi.

Sai dai a yi da hankali. Ranar da aka sa dokar hana fita, kamar yadda aka yi a farkon Agustan 2024 lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, ko ranar da 'yan siyasa suke taro, a zauna a gida. Ga tatsuniya, ga dara, ga 'yar carafke. In za a fita, a fita da wuri a dawo kafin la'asar sakaliya. A duba gangaren ko da fasassun kwalabe, a guji bakin kududdufi, 'yan mata su sa wando a ciki. Kada kuma a bar yara su yi sulu a kan abin da ya rage na ganuwa, ruwan sama da masu ɗibar ƙasa ma sun ishe ta.

A Ƙaramar Sallar 2025 ma ba a yi hawa ba. Amma a gidanmu ba wanda ya yi jugum, domin tun ana saura kwana uku yara suka nemo jarkarsu suka wanke.

Allah Ya zaunar da garinmu lafiya, Ya shirya mana zuriya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.