Lafiyar Iyali: Gyaɗa A Madadin Fanke

A watan jiya wani abokin aikinmu, mazaunin Sabon Gari, ya je asibiti, likita ya sa aka auna jininsa da sassafe tun bai karya kumallo ba. Aka ce masa sukarin jininsa ya kai 112. Ya dawo makaranta jiki a sanyaye, yana cewa shi ke nan, ciwon da ya ci ƙafar mahaifinsa ya iske shi. Amma likita ba haka ya ce ba. Cewa ya yi ciwon yana bakin ƙofa, bai shigo ba tukuna.

Ga yadda lissafin yake. In an auna mutum da safe bai ci kome ba, ƙasa da 100 lafiya ne. Daga 126 zuwa sama, in an sake awo an sami haka, ciwon sukari ne. Tsakanin 100 da 125 kuwa gargaɗi ne, watau jiki ya soma kasa sarrafa sukari. Waɗansu asibitoci da wani ma'auni suke rubutawa, 5.6 zuwa 6.9. Mai wannan hali ba ya jin ciwon kome, awo kaɗai ke nunawa.

Ana iya tare ciwon daga nan. A shekarar 2002 aka fito da sakamakon wani bincike a Amurka a kan mutum fiye da 3,000 masu irin wannan awo. Waɗanda suka gyara cimarsu, suka rage ƙiba, suka riƙa motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari.

To, wajen gyaran cima, yawancinmu tuwon dare muke dubawa, mu manta da abin da muke taɓawa tsakanin kumallo da abincin rana. Lokacin tara ya yi, sai fanke, ko cincin, ko burodi da lemon kwalba. Da yamma a kasuwar Samaru a ƙara da rake. Fulawa da sukari nan da nan suke narkewa su shiga jini, jim kaɗan kuma yunwa ta dawo.

Gyaɗa ba haka take ba. Kusan rabinta mai ne, kashi ɗaya cikin huɗu kuma abin gina jiki, sitacinta kaɗan ne. Don haka takan daɗe a ciki, ta riƙe mutum, ba ta ɗaga sukari farat ɗaya. Masanan Jami'ar Harvard sun bi mata ma'aikatan jinya fiye da 80,000 har shekara 16. A 2002 suka ba da labari cewa masu cin gyaɗa da danginta sau biyar a mako, kamuwarsu da ciwon ta yi ƙasa da ta marasa ci da wajen kashi ɗaya cikin huɗu.

Mu kuwa ba sai mun je nesa ba. Kakanninmu ne suka noma gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano. A nan Samaru aka kafa tashar binciken aikin gona a 1922, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma daga can ake fito da irin gyaɗa mai suna SAMNUT. Abin da muke nema yana kan farantin 'yar talla.

Amma zuma ma ga zaƙi ga harbi. Akwai abu uku da za mu kiyaye.

Na fari, gyaɗa madadi ce, ba ƙari ba. Wanda ya ci fanke ya bi da gyaɗa bai yi kome ba, ƙiba ya ƙara. Cikin tafin hannu guda ya isa a yini, dafaffiya ko soyayya. Kada a ajiye kwalba a gefe ana hira har a ga gindinta. Mai hawan jini ya nemi marar gishiri.

Na biyu, ba duk abin da aka yi da gyaɗa ne ya dace ba. Kantun gana da alawar gyaɗa da dakuwa, sukari ne ya riƙe su. Kunun gyaɗa akwai shinkafa a ciki, ga sukarin da ake zubawa. Garin kwaki da sukari ba ya zama magani don an jefa masa ƙuli-ƙuli. Amma ƙuli-ƙuli marar sukari, a daka a yi kwaɗon zogale ko na rama, wannan kam abinci ne na kirki, ga araha.

Na uku, a guji gyaɗar da ta yi hunhuna, ko ta yamutse, ko take ɗaci. Tana ɗauke da dafi mai lalata hanta, suya kuwa ba ta kawar da shi. A Ingila aka gano dafin nan, bayan talotalo wajen 100,000 sun mutu a 1960 saboda abincin da aka haɗa musu da ɓatacciyar gyaɗa. Uwargida, ki tsince kafin ki soya, ki ajiye a busasshen wuri.

Gyaɗa ba ta maye gurbin likita. Wanda aka ɗora wa magani ya ci gaba da sha. Wanda kuma gyaɗa ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi ya bar ta sam.

Abokin namu yanzu yakan sauka daga mota tun da sauran tafiya, ya ƙarasa makaranta da ƙafa, da ƙullin gyaɗarsa a aljihu. Likita ya ce ya koma awo bayan wata uku, muna jira tare da shi. Maigida da uwargida, in kun haura arba'in, ko jiki ya yi nauyi, ko akwai mai ciwon a danginku, ku je a auna ku cikin watan nan, kada ku karya kafin ku tafi. Rigakafi ya fi magani.

Sai wata mai zuwa.