Haya Ba Bara Ba Ce

'Yan'uwana mata, ni kam na gaji da jin wai maganar haya ta maza ce. To wa ke wuni a gidan? In ɗaki ya yi yoyo da damina, wa ke tara roba? Ranar da aka ce a tashi, kayan ɗakin wa ake watsowa waje?

Kullum ana ce mana sai haƙuri, mai abu shi ke da iko. Gidan nasa ne, ban musa ba, amma ai ba kyauta muke zaune ba, guminmu muke biya.

Ku dubi Legas. A 2011 Majalisar Dokokin jihar ta yi dokar haya, Gwamna Fashola ya sa mata hannu. Ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara 1 daga sabon ɗan haya, wanda ya saɓa kuwa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 3. Ashe ke nan majalisar jiha tana iya taka wa masu gidajen haya birki.

A Kano 'yan majalisa 40 ne, da ƙuri'unmu suka hau. Don haka matan unguwa da 'yan adashi mu haɗu, mu adana rasit, mu rubuta takardar koke kan ƙarin kuɗi na ba gaira ba dalili da la'adar dillalai, mu sa hannu mu kai wa wakilin mazaɓarmu. In an kira zaman jin ra'ayin jama'a, mu je mu faɗa da bakinmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.