Jita Mai Araha Ta Ishi Mai Koyo



Duk mai kallon makaɗan jitar lantarki a waya ya san sunaye biyu, Fender da Gibson. Kamfanonin Amurka ne. Gibson ya fitar da jitarsa mai suna Les Paul a 1952, Fender kuma ya fitar da Stratocaster a 1954, kuma har yau ana ƙera su. Wadda aka ƙera a Amurka kuɗinta ya haura dala 1,000. Ku mayar da shi naira da kanku, ni dai da na lissafa sai da na ajiye biro. Shi ya sa wasunmu suke cewa koyon jita sai 'ya'yan masu kuɗi. Ni ban yarda da wannan magana ba.

Waɗannan kamfanoni da kansu suna da jita ta talaka. Squier ta Fender ce, Epiphone kuma ta Gibson. Yawancinsu a Sin da Indunusiya ake haɗa su, inda ladan ma'aikata bai kai na Amurka ba. Ana samun ƙaramar Squier a wajen dala 200. Siffarta ɗaya da babbar yayarta, tsirkiya shida, wuya ɗaya. Inda za ka ɗora yatsa a kan wannan, nan za ka ɗora a kan waccan.

Mu tuna darasin kimiyya. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, naɗi dubbai. Idan ka kaɗa tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a kansa, sai ɗan lantarki ya taso a cikin wayar, ya bi igiya zuwa amfilifaya, ita kuma ta ƙara masa ƙarfi ya fito ta lasifika. Haka abin yake a jitar dala 200, haka yake a ta dala 2,000. Kuma babban rabo na daɗin sautin yana wajen amfilifaya. Ka jona jita mafi tsada a lasifikar da ta fashe, abin da za ka ji bai fi rediyon mai shayi ba.

Ban ce babu bambanci ba. Akwai. An ce araha ba ta ado, kuma a nan ma akwai gaskiya a ciki. A jita mai araha, kunnuwan da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya sukan yi sako-sako, sai sauti ya riƙa kaucewa kana cikin kiɗa. Ƙananan ƙarafan da ke jere a wuyanta wani lokaci ba a goge bakinsu ba, suna kartar hannu. Wata kuma tsirkiyoyinta sun yi nisa da wuya, sai ka danna da ƙarfi har yatsu su yi zafi. Mai tsadar an ɓata lokaci a kanta kafin ta bar masana'anta, wannan lokacin ne ake biya, sai kuma sunan da ke rubuce a kanta. Amma yawancin matsalolin nan wanda ya iya zai gyara su da sukundireba da 'yar zarto a yini guda. Wadda ya kamata a guje wa ita ce jitar da ba ta da ko sunan maƙeri, wadda wuyanta ya karkace tun a shago. Ita kam ba araha ba ce, asarar kuɗi ce.

Ga Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar, wanda yanzu yake cika dandali a Amurka da Turai. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Fender ɗin da yake riƙewa yau daga baya ta zo, bayan yatsunsa sun riga sun iya. Brian May na ƙungiyar Queen a Ingila shi da mahaifinsa suka ƙera tasa a gida, har da katakon tsohon murhu a ciki, kuma ita ya yi ta kaɗawa shekara da shekaru.

Dalilin wannan rubutu shi ne, a darasin CCA muna zana kayan kiɗa a littafi, muna haddace sunayensu saboda jarrabawa, amma da yawanmu ba mu taɓa riƙe ko ɗaya ba. Don haka ina roƙon shugaban makaranta da iyayenmu na PTA, idan Allah Ya hore kuɗin kayan kiɗa, kada a sayi jita ɗaya mai tsada. Mun san ƙarshenta. Za a kulle ta a ofis don kada yara su lalata, sai ranar rabon kyaututtuka a fito da ita a ɗauki hoto. Kuɗin guda ɗaya ɗin zai sayi masu araha huɗu da ƙaramar amfilifaya, ɗalibai huɗu su koya a lokaci guda, maza da mata. A nemi amfilifaya mai aiki da batir, tunda kowa ya san halin wutarmu. A haɗo da tsirkiyoyin canji, musamman siririyar ta ƙasa, don ita ce ta fi saurin tsinkewa a hannun ɗan koyo.