Alƙalami Da Hidimar Gida: Darasi Daga Nana Asma'u

Jama'a masu karatu, a wannan mako za mu duba wata matsala da ke damun masu rubuce-rubuce a cikin gidajensu, maza da mata. Mutum ya zauna da takarda, sai ga baƙo, sai ga kukan yaro, sai ga batun cefane. Mutanen gida kuwa, tun da suna ganinsa zaune, sai su ɗauka ba aikin da yake yi. Ta haka littattafai da yawa suka mutu tun suna cikin zuciya, har wasu suka yanke cewa taura biyu ba ta taunuwa.

Mu kuwa muna ganin tarihin Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya isa amsa. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta girma cikin yaƙi da ƙaura. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato, watau gidanta gida ne na baƙi da jama'a, ga kuma renon 'ya'ya. Duk da haka ta bar ayyuka wajen 60 cikin Larabci da Fillanci da Hausa, waɗanda Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara suka buga a 1997.

To, yaya ta yi? Abu na farko, ba ta raba rubutunta da hidimar da ke gabanta ba. Matan ƙauyuka na bukatar ilmi, sai ta naɗa jajis, tana ba kowace malfa, su kai waƙoƙinta ga 'Yan Taru su haddace. Da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, baƙin cikin rashin ɗan'uwanta ya zama marsiyya. Ashe abin da muke kira cikas, shi ne ya ba ta abin faɗa.

Na biyu, yawancin ayyukanta waƙoƙi ne, kuma waƙa tana ginuwa baiti bayan baiti. Wanda bai sami yini ɗungum ba, ai ba zai rasa sa'a guda bayan asuba ba.

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, ba ita kaɗai ta ɗauki kayan ba. Babban gida take ciki mai hannuwa da yawa, mijinta kuma marubuci ne, shi ya wallafa Raudul Jinan, ya san darajar tawada. Saboda haka ba adalci ba ne a ce wa matar da ke ɗaki biyu da 'ya'ya biyar ta yi koyi da Nana, alhali ba wanda zai riƙe mata goyo.

Don haka kiranmu iri biyu ne. Marubuci ya keɓe lokaci sananne, ko da kaɗan ne, ya sanar da iyalinsa, sa'an nan kada ya mai da rubutu hujjar tauye hakkinsu. Magidanta da dangi kuma su ɗauki wannan lokaci tamkar na mai tafiya kasuwa ko ofis, su daina aiken mai shi. Sannu-sannu kwana nesa.

Allah Ya sa mu dace, amin.