Haƙƙin Hanya A Ƙofar Fadar Zazzau

 

Magabatan da suka zana biranen ƙasar Hausa ba su taɓa manna gini a ƙofar gidan sarki ba. Sukan bar fili a gaban fada, su kira shi dandali, domin sun san gari yana buƙatar wurin da zai riƙa ganin kansa. A birnin Zazzau wannan wuri shi ne filin Ƙofar Fada, inda hanyar da ta taso daga Ƙofar Doka ta ratsa Babban Dodo take sauke matafiyi. Ga fadar Sarki, ga kuma Masallacin Juma'a dab da ita, wanda Babban Gwani Muhammadu Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Malam Abdulkarimu, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, har da zauren shari'a a jikin ginin. Mulki da salla da hukunci duk fili ɗaya suke kallo.

A nan mahaya suke kai jafi ranar Hawan Salla. A nan jama'a suke dafifi idan za a yi naɗi, a nan sahu yake malalowa idan masallaci ya cika, a nan kuma dubban mutane suka taru ranar 20 ga Satumban 2020 domin rakiyar Marigayi Sarki Shehu Idris bayan shekara 45 a kan karaga. Tsakanin waɗannan manyan ranaku kuwa, filin na talaka ne: mai talla, mai Keke Napep, ɗan acaɓa, ɗalibin da ya fito daga zauren malaminsa, da matar da take sauri da yaro marar lafiya a goye. Ra'ayinmu shi ne, lokaci ya yi da za a rubuta ƙa'idar amfani da wannan fili da hanyoyin da suke shiga cikinsa, a kafe ta inda kowa zai karanta, kuma a gina ta a kan tambaya guda: wa taron nan zai cutar? Sunan ƙungiyar da ta kira taron, ko ɗarikarta, ko jam'iyyarta, bai kamata ya shiga ma'auni ba.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurin wanda ya zauna gaban malami. Imam Buhari da Imam Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'idil Hudri cewa Manzon Allah (SAW) ya gargaɗi sahabbai a kan zama a bakin hanya. Da suka nuna masa ba su da wata matattara sai nan, bai kore su ba, sai ya ɗora masu sharaɗin su ba hanya haƙƙinta: runtse ido, kame cuta, amsa sallama, horo da alheri da hani da mummuna. A lura da tsarin hukuncin. An fara da tsoron cutar da mai wucewa, aka saurari uzurin masu zama, sannan aka halatta zaman bisa sharaɗi. Duk wata dokar dandali mai adalci haka za ta kasance. Akwai kuma hadisin Abu Huraira, shi ma a littattafan biyu, wanda ya yanke cewa idan aka yi jayayya a kan faɗin hanya a bar mata kamu bakwai. Kamu bakwai ya ɗan haura mita uku, wato daidai abin da motar ɗaukar marasa lafiya take buƙata ta wuce.

Wanda ya fi tsawaita bayani a wannan babi shi ne Alƙali Mawardi, da ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, a littafinsa Al'ahkamus Sulɗaniyya. Ya ware fasali a kan amfanin da mutane suke yi da harabobin gidaje da tituna da wuraren zaman kasuwa. Ya kawo saɓanin malamai game da iyakar ikon shugaba. Wasu suka ce aikinsa ya tsaya ga hana ƙetare iyaka da sasanta masu husuma. Wasu suka ce yana da damar duba maslaha ya zaunar da wannan ya ɗaga wancan. Amma a duka fahimtocin biyu, in ji shi, shugaba ba ya karɓar kuɗin haya a kan zaman. Ya kuma kawo ra'ayin Imam Malik, cewa wanda aka san shi da wani gurbi har ya shahara da shi, ya fi wani cancantar wurin, domin a yanke jayayya. Abin da muka fahimta daga nan shi ne, hukuma mai jiran fili ce, fili ba gonarta ba ne. Ba ta sayar da shi, ba ta ba da shi tukuici ga wanda take so, kuma tsohuwar da ta yi shekaru tana suya a kusurwa guda tana da haƙƙin da fiƙihun Malikiyya ya sani tun kafin a san wani abu wai shi rasit.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, don haka bari mu fara da masu hidimar addini, tunda su ne suka fi kowa cika fili. Ɗaliban Muhtasar na Shaihu Halil, kuma birnin Zazzau cike yake da su, sun san sallar Juma'a tana inganta a harabar masallaci da hanyoyin da suke haɗe da shi idan masallacin ya ƙuntata ko sahu ya sadu. Rangwame ne da larura ta kawo, kuma abin da larura ta halatta gwargwadonta ake auna shi. Ba ya nufin a gitta benci a titi tun hantsi, ko a bar shi a gitte bayan liman ya sallame saboda ana jiran ɗaurin aure. Ba ya nufin duk wanda ya samu lasifika da janareta ya kafa majalisi har tsakar dare a unguwar da akwai jinjiri da majinyaci da ɗalibin da zai shiga jarrabawa da safe. Mun sha jin ana cewa ai aikin Allah ake yi, wa ya isa ya hana? Amsar ita ce, Wanda ake yi wa aikin Shi ne Ya aiko Manzon da ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Mai naƙudar da aka tsare ta a Babban Dodo, ana neman kai ta Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ba ta da yadda za ta yi da ladan da masu taro suke nema. In ta rasa ranta ko abin da ke cikinta, akwai ranar tambaya, kuma a ranar ba a tambayar sunan ƙungiya.

Zazzagawa ba sa buƙatar a ba su labarin amfanin buɗaɗɗiyar hanya. Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a ya rufta a kan masallata, aƙalla mutum bakwai suka rasu, wasu suka jikkata. Allah Ya gafarta masu. A irin wannan sa'a, minti ɗaya da motar agaji za ta ɓata tana neman wurin bi yana iya zama rai guda. Tunda ana maganar sake gina masallacin, to a haɗa da filin da ke gabansa a cikin lissafi, domin masallaci mafi girma jama'a mafi yawa zai jawo, da motocinsu da baburansu.

Sai kuma hukuma, wadda nata gargaɗin ya fi nauyi saboda ƙarfi a hannunta yake. Tsarin Mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa 'yancin addini a sashe na 38, da 'yancin taro a sashe na 40, da 'yancin zirga-zirga a sashe na 41, sannan sashe na 45 ya yarda a taƙaita su da doka saboda tsaron jama'a, ko zaman lafiya, ko kare haƙƙin wasu. A shekarar 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Sufeto Janar na 'Yan Sanda da jam'iyyar ANPP, ta tabbatar da cewa tilasta wa mutane neman izinin 'yan sanda kafin su yi taron lumana ya saɓa wa tsarin mulki. Saboda haka abin da muke kira a yi shi ne sanarwa da tsara lokaci. Ba mu neman a farfaɗo da takardar izini, wadda a ƙasar nan ta sha zama sanda a hannun mai mulki, ya ba na gida ya hana na waje. Idan aka bar wannan ɗarika ta yi zagayen Mauludi aka hana waccan ƙungiya wa'azin ƙasa, ko aka yi akasin haka, to an shuka gaba a filin da aka bari domin haɗuwa.

Garin nan ya ɗanɗani abin da jayayya a kan titi take iya haifarwa. Rikicin da ya fara ranar 12 ga Disamban 2015 a kan Titin Sakkwato, a wajen ganuwa, tsakanin ayarin Babban Hafsan Sojan Ƙasa da mabiya Harkar Musulunci, a kan tare hanya ya faro. Kwamitin binciken shari'a da Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa ya ji shaidar cewa an binne gawa 347 a kabari ɗaya, ya kuma sami sojoji da yin amfani da ƙarfin da ya wuce kima. Babu wata tare hanya da za ta halatta zubar da wannan jini, kuma ba mu kawo zancen don mu tayar da tsohon miki ba. Mun kawo shi ne domin a ga inda al'amari yake ƙarewa idan aka yi shekaru ba a zauna an yi yarjejeniya ba, aka bar titi tsakanin mai taurin kai da mai bindiga. Ko a Kano, inda Hukumar UNESCO ta sanya Hawan Salla cikin kayan gadon al'adun duniya a Disamban 2024, 'yan sanda sun dakatar da hawan a 2024 da 2025 saboda rikicin sarauta. Idan tsari ya gagara, hani ne yake maye gurbinsa, kuma hani ba ya tantance mai laifi da marar laifi.

To wa zai rubuta ƙa'idar? Jadawali na Huɗu na tsarin mulki ya sanya kula da tituna da filayen jama'a da kasuwanni da tashoshin mota cikin ayyukan ƙaramar hukuma, don haka Ƙaramar Hukumar Zariya ce take da alƙalamin doka. Amma duk wanda ya san birni ya san dokar da aka yi wa Ƙofar Fada ba da yawun Fada ba a takarda za ta tsaya. Muna ganin Majalisar Masarautar Zazzau, ƙarƙashin Mai Martaba Sarki Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ita ta fi dacewa ta kira zaman: limamai, da wakilan Tijjaniyya da Ƙadiriyya da Izala da sauran masu tara jama'a, da masu unguwannin da suke kewaye, da shugabannin 'yan kasuwa da na masu Keke Napep, da 'yan sanda da jami'an KASTLEA. Abin da za a fitar bai kamata ya wuce shafi ɗaya ba, da Hausar boko da ta ajami. A ajiye littafi guda a buɗe, wanda ya riga rubuta ranarsa shi ke da ita, ban da ranakun da al'ada ta riga ta keɓe. A shata layin da ba a toshewa ko da wane ne ya zo. A sa lokacin kashe lasifika. Mai taro ya ɗauki nauyin share wurin da ya ɓata, maimakon ya biya kuɗin da ba a san aljihun da yake shiga ba. Wanda aka hana kuwa, a ba shi dalili a rubuce, a kuma nuna masa inda zai kai kuka.

Wani zai ce ai tun kaka da kakanni umarnin Sarki da bakin dogarai sun wadatar, mene ne na takarda? Sun wadatar a lokacin da doki da jaki ne ababen hawa, kuma kowa ya san uban kowa. Yau birnin ya cika ya batse, ƙungiyoyi sun yawaita, kowace tana da masu ɗaukar hoto da za su watsa duk abin da ya faru a Facebook kafin a yi sallar Isha'i. Rubutacciyar ƙa'ida kariya ce ga Fada kanta, domin ita za ta ɗauke mata zargin son kai a ranar da dole ta ce wa wani babba a'a. Mutanen Marrakesh a ƙasar Maroko, 'yan'uwanmu a mazhaba, suna da dandalinsu na Jami'ul Fana, wanda UNESCO ta karrama tun 2001, kuma bai rayu ba sai da tsarin wa ke zama ina, da kuma yaushe.

Saura batun siyasa, tunda kakar zaɓen 2027 tana ƙaratowa. 'Yan takara za su zo gaisuwa Fada, kuma wannan ladabi ne da ba wanda zai hana. Sai dai gaisuwar takan zo da ayarin motoci da makaɗa da matasa riƙe da gora, har ta rikiɗe ta koma gangami a ƙofar masallaci. Dokar Zaɓe ta 2022, a sashe na 92, ta hana yin yaƙin neman zaɓe a wuraren ibada da ofisoshin gwamnati. Sai a fayyace tun yanzu adadin motocin da za su shiga filin tare da ɗan takara, sauran su tsaya daga Babban Dodo, kuma adadin ya zama ɗaya ga jam'iyya mai mulki da ta adawa.